Idan Dattijo Ya Cire Hularsa a Bakin Ruwa

Zuwa ga ɗana Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa ka buɗe wannan takarda kana cikin ƙoshin lafiya, Ya sauke ka inda za ka lafiya, Ya tsare ka a tudu, Ya tsare ka a ruwa. Ummanka tana gaishe ka, ko da yake ita ce za ta cusa maka takardar a jaka, tsakanin ƙuli-ƙuli da yajin da ta daka maka, saboda haka tata gaisuwar za ka ji ta da kunnenka tun kafin ka karanta tawa.

Na zaɓi rubutu ne saboda ka san halin kunnena. Hira da ni ta zama aiki. Ka faɗa, in ce "me?", ka ɗaga murya, maƙwabta su ɗauka faɗa muke yi. Takarda kuwa ba ta sa mutum maimaici, kuma ba za ka iya katse ni da "to, Baba" ba tun ban kai ƙarshen zance ba.

Za ka tafi horon nutso, irin na ma'aikatan ceto, waɗanda ake kira idan mutum ya faɗa ruwa, ko idan 'yan sanda suna neman wani abu a ƙarƙashinsa. Za a koya maka tukunyar iska da rigar roba da sauran kayan da ni ban taɓa riƙewa ba, sai dai hange. A kan waɗannan ba ni da ta cewa, ni da gajeren wando na yi nawa zamanin. Abu ɗaya nake tsoro a kanka, kuma ba ruwa ba ne. Kunyarka nake tsoro. Kai yaro ne da bai saba ce wa babba a'a ba. Ni na rene ka a haka, na kuma sha yin alfahari da hakan a gaban mutane. To a wannan aikin, ita ce take kai mutum kabari da ƙuruciyarsa. Zan zo kan wannan, amma bari in fara da ƙananan kurakuraina, don suna da yawa.

Ka san mu gidan masunta ne, gidan Sarkin Ruwa. Kakanka da gora da koma ya ciyar da mu a kogin Challawa, kafin kamfanoni su yawaita, ruwa ya sauya launi, kifi ya yi nisa. Ni na shiga kamfanin fata, wani mako aikin safe, wani mako na yamma, amma sunan gida bai sake ni ba. Duk wanda ya faɗa rijiya ko kududdufi daga Panshekara zuwa Dorayi, sai ka ji an ce a kirawo Habu. Ba wanda ya ɗauke ni aikin, ba wanda ya koya mini. Abokin tafiyata kullum shi ne Kawunka Ɗan'azumi, wanda yanzu ka sani yana sayar da lemo a Na'ibawa. Shi ko ƙafarsa ba ya sawa a ruwa. Aikinsa riƙe igiyar da aka ɗaura mini a ƙugu, kuma ban san darajar wannan aikin ba sai da na kusa rasa raina.

A wani kududdufi ne a Dorayi. Wani mai wankin babur ya zame ya faɗa, aka kira ni. Mutane sun cika bakin ruwa, har da 'yan mata a kan katanga, ni kuma a lokacin ban yi aure ba, kai ka san sauran. Ɗan'azumi yana ɗaura mini igiya sai wani ya ɗaga murya ya ce, "Kai! Jikan Sarkin Ruwa da igiya a ƙugu sai ka ce akuya?" Aka yi dariya. Na kwance igiyar na jefa wa Ɗan'azumi, na shafa layar da kakanka ya ɗaura mini a damtse, na faɗa. A gidanmu ana cewa ruwa ba ya cin ɗan gida, ni kuma na yarda da hakan kamar yadda na yarda da sunana.

Kududdufin cikin gari ba kogi ba ne. Ƙasansa duk abin da unguwa ta gaji da shi ne: leda, tayar mota, fasasshiyar kwalba, tsumma. Ba ka ganin ko tafin hannunka. Ina laluben mutumin sai wani ƙarfe ya cafke mini idon sawu. Na ja, ya ƙi. Na sake ja, ya ƙara shiga. Numfashina ya ƙare, ba kuma wanda ya san inda nake, tunda ni da hannuna na kwance abin da zai nuna musu. Allah Ya sa Ɗan'azumi bai tsaya kallo ba. Ya karɓi wata doguwar sanda yana caccakar ruwa a inda ya ga kumfa, sandar ta doki kafaɗata, na riƙe, suka taru suka fizgo ni, na bar fata a can. Tabon da kake tambayata kana ƙarami, nake ce maka kada ne ya cije ni, to ba kada ba ne. Ƙarfen tsohuwar katifa ne.

Saboda haka idan ka je can, kada ka buɗe baki ka ce wa kowa kai jinin Sarkin Ruwa ne. Ba su tambaye ka ba. Za ka tarar da malamai waɗanda wataƙila a tafkin otal suka koyi iyo, ka ji zuciyarka tana ce maka ai ka fi su. Ƙila ka fi su iyo. Amma su sun san abin da ya kashe waɗanda suka fi ka, an rubuta musu, sun karanta. Ka zauna a gaba, ka yi tambaya ko da za a yi maka dariya. Igiya kuwa, ko a ruwan da bai kai maka ƙirji ba, idan an ce ka ɗaura, ka ɗaura. Kuma ka lura da wanda zai riƙe maka ita. Kada ka zaɓi abokin hirarka. Ka nemi wanda ba ya duba waya, ba ya waiwaye idan an kira sunansa, wanda idan ka ja igiya ya san me kake nufi. Idan ranar riƙon ta zo kanka, kai ma ka zama haka, ko gobara ce ta tashi a bayanka. Magabata sun ce iya ruwa fid da kai, ba su ce shiga ba.

Na biyun a Sharada ne, a wani kamfani da ba namu ba. Ramin da ruwan jimar fata yake taruwa ya toshe, wani lebura ya sauka ya buɗe, bai fito ba. Abokinsa ya leƙa, ya gan shi kwance, ya bi shi, shi ma shiru. Da na iso, na ce ai wannan ƙaramin aiki ne, ramin bai kai rijiyar gidanmu zurfi ba, ni kuma duk yankin ba wanda ya kai ni riƙe numfashi. Da farko wani wari ne yake tasowa kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Da na ɗan tsaya a baki sai na daina jin sa, har na juya na ce wa mutane, "Ai warin ma ya tafi." Na taka tsani. Abin da na sani bayan nan shi ne na farka a ƙasa ana sheƙa mini ruwa, haƙarƙarina yana zafi inda igiya ta shaƙe ni. Wannan karon ban kwance ta ba.

'Yan kwana-kwana ne suka zo da abin rufe fuska da tukunyar iska suka fito da mutanen nan biyu, Allah Ya jiƙansu. Shugabansu ya tsuguna kusa da ni ya ce, "Malam Habu, in ka ji warin ya ɗauke, ba warin ne ya tafi ba, hancinka ne ya mutu." Ban ji daɗin maganar ba a lokacin, don a gaban jama'a ya faɗa, kuma ya girme ni da kaɗan ne kawai. Amma gaskiya ya faɗa. Idan ka dawo aka ajiye ka a nan Kano, yawancin ruwan da za a kira ka kansa a Sharada da Challawa da Bompai sunansa ne kawai ruwa. Ka tambayi me ake zubawa a ciki kafin ka sa ƙafa. Idan ba wanda ya sani, ka ɗauka mafi muni ne. In ka fito ka wanke jikinka da kayanka kafin ka taɓa abinci, kafin ka taɓa ɗan kowa. Kuma duk inda ka ji an ce mutum na biyu ya bi na farko bai fito ba, to ka tabbata ramin yana jiran na uku ne.

Akwai wanda har yau in na tuna nakan ji ba daɗi, ko da yake da kyakkyawar niyya na yi. An ga gawa a wani babban lambatu a bayan kamfanonin Bompai, bayan an yi ruwan sama. Na shiga na same shi, magidanci ne, ya kwana biyu a ciki. Da na zo ɗaga shi sai na ji ƙafafunsa a haɗe. Waya ce aka naɗe su da ita, an ɗaura wani guntun ƙarfe a jiki. Na hango 'yan'uwansa a sama, har da matarsa, sai na ga bai kamata a fito da Musulmi a ɗaure kamar buhu a gaban iyalinsa ba. Na kwance wayar a cikin ruwa, na sake ta ta nutse, na gyara masa riga, aka miƙo zane na rufe shi. Kafin 'yan sanda su iso an kai shi gida, kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Kowa yana sa mini albarka.

Da sajan ɗin 'yan sandan ya zo ya tambaye ni yadda na same shi, na faɗa masa gaskiya. Ya dube ni ya ce, "Ina wayar?" Na ce tana ciki. "Wane irin ƙulli ne? Ƙarfen na wace ma'aikata ne?" Na ce ban lura ba. Ya kaɗa kai, ya tafi. Na koma na laluba, ruwa ya riga ya tafi da komai. Har yau ba a san wanda ya ɗaure mutumin nan ba. Matarsa ta zo har gida ta yi mini godiya saboda na suturta mijinta, na karɓi godiyar, na rasa inda zan sa idona.

Kai aikinka zai haɗa ka da 'yan sanda da kotu. Za a koya maka yadda ake barin abu yadda aka same shi, a ɗauki hoto, a sa a leda. Zuciyarka za ta ce maka wannan rashin tausayi ne, mutanen da ke tsaye ma za su faɗa maka haka da babbar murya. Ka sa a kare gawa da zane ko tabarma daga idon jama'a, wannan haƙƙinta ne. Amma kada ka kwance, kada ka goge, kada ka gyara. Mamaci ba shi da bakin da zai faɗi abin da aka yi masa, abin da ke jikinsa ne kaɗai ya rage masa, ni kuma na raba wancan bawan Allah da nasa.

To, yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro.

Da damina ne, Ummanka tana da tsohon cikinka. An kwana ana ruwa, kogi ya cika ya yi ja, yana tafe da itatuwa da karan gonakin mutane. Wani saurayi cikin masu lodin yashi ya zame ya faɗa ɗaya daga cikin ramukan da masu haƙa suke bari a cikin kogi. Da hantsi abin ya faru. Ni ina wurin aiki, ba a same ni ba sai bayan azahar. Ka ga ke nan ba maganar ceton rai ake ba, kowa a wurin ya san yaron ya riga mu gidan gaskiya. Gawa ake nema.

Na tsaya na dubi ruwan. Na san shi tun ina tsirara, kuma na san ranar ba ranar shiga ba ce. Ɗan'azumi ko kwance igiyar daga kafaɗarsa bai yi ba. Ya matso ya ce mini a hankali, "Habu, mu tafi gida. Gobe ruwa zai sauka." Na ce haka ne. Wallahi har na juya.

Sai mahaifin yaron ya taso. Dattijo ne, malami, ya girmi kakanka, farin gemu har ƙirji. Bai yi kuka ba, bai ɗaga murya ba. Ya zo gabana, ya cire hularsa, ya ajiye ta a ƙasa kusa da ƙafata, a cikin taɓo, sannan ya durƙusa. Ya ce, "Ɗana, ka taimake ni in rufe shi kafin rana ta faɗi. Kada ya kwana a ruwa."

Kai ka san mece ce hula a kan dattijo. Na ce, "Subhanallahi! Baba, ku tashi, don Allah ku tashi." Ya ƙi tashi. Na ji wani a baya yana cewa, "Ai Habu ne, in shi bai iya ba wa zai iya?" Ɗan'azumi ya riƙe mini hannu, na fizge. Na ce masa, "Kana ganin mutum kamar wannan a ƙasa, ka ce in tafi gida? Ɗaura mini." Ya ɗaura, yana ɗaurawa yana cewa ba da yawunsa ba.

Na shiga, ban samu komai ba, na fito. Dattijon yana nan a durƙushe. Na sake shiga, na ƙara nisa. Ramin yashi ba shi da gangare, tafiya kake sai ka ji ba ƙasa. Na bi shi ƙasa fiye da yadda na taɓa yi, ruwa yana ja na gefe, sai wani kututture da kogi ya ɗauko ya make ni a gefen kai. Na ji wani abu ya fashe a kunnena, ruwan sanyi ya shiga. Daga nan duniya ta juya. Ban san sama ba, ban san ƙasa ba, ina ta iyo da ƙarfina ashe ƙasa nake yi. Ɗan'azumi ya ji igiya tana tafiya inda bai kamata ba, ya kira mutane suka ja. An ce da aka fito da ni ba wanda ya yi zaton zan tashi.

Na daɗe a asibiti. Ruwan ya shiga ƙirji, kunnen ya yi ruwa ya ƙi warkewa, daga ƙarshe ya rufe, ɗayan ma ya bi shi rabi. Ummanka ta zo da cikinta, da ƙyar take tafiya, ta tsaya a kaina ta ce, "Shi tun safe ya tafi. Kai da ka bi shi, me za ka ce masa?" Na yi kamar ban ji ba, kuma a lokacin ina da hujja.

Yaron kuwa washegari ya taso da kansa, a wata kwana da ke ƙasa da wurin, inda ruwa ya saba ajiye abin da ya ɗauka. Masu kwale-kwale suka ɗauko shi ba tare da kowa ya jiƙa wandonsa ba. Aka yi masa sallah, aka rufe shi, ba abin da ya ragu daga gare shi don ya kwana.

Bayan an yi bakwai dattijon ya zo duba ni. Ya zauna a bakin gado, ya daɗe yana kallon ƙullin da ke kaina, sannan ya matso ta wajen kunnen da yake ji. Ya ce, "Malam Habu, ashe ruwan ba ya shiguwa?" Na ce, "Ba ya shiguwa, Baba." Ya ce, "Ka sani tun kafin ka shiga?" Na ce na sani. Can ya ce, "To me ya sa ba ka gaya mini ba? Ni ban san ruwa ba, littafi na sani. Na ɗauka in da haɗari za ka faɗa. Da ka ce mini ba zai yiwu ba, da na haƙura. Yanzu da ka mutu, da wane ido zan dubi matarka?"

Ka ji fa. Ni ina ganin girmama shi na yi, ashe saura kaɗan in ɗora masa alhakin rai a kan rashin ɗansa. Shi roƙo ya yi, irin na uban da aka yi wa mutuwa, kuma yana da haƙƙin ya roƙa. Ni da na san ruwa, ni ke da haƙƙin in faɗa masa gaskiya, kunya ta hana ni.

Wannan ranar za ta zo maka, Nasiru. Ba ko wataƙila. Mu mutane ne da ba ma son gawa ta kwana, kuma abu ne mai kyau, amma ba a ce a biya shi da rai ba, ka tambayi duk malamin da ka ga dama. Idan ka isa bakin ruwa, tambayar farko ita ce yaushe ya shiga. Idan akwai sauran tsammanin rai, to ka yi abin da aka koya maka, da sauri, da igiyarka, da mutanenka. Idan kuwa gawa ce, ba sauran gaggawa. Ka dubi ruwa, ka dubi rana, ka ji ta bakin mai riƙe maka igiya. In ya ce a'a, kada ka fizge hannunka.

Za a roƙe ka. Za a haɗa ka da Allah da Annabi. Wani zai ce ma'aikatan gwamnati ba su san komai ba sai sa kaya, wani zai ce da Habu ne da tuni ya shiga. Yanzu kuma ga waya, za su ɗauke ka kana tsaye, kafin ka isa gida duk gari ya gani, ana zaginka har da ni. Wannan duk mai sauƙi ne, zagi ba ya huda kunne. Mai wuyar shi ne dattijon da ba zai zage ka ba, wanda zai cire hula. Idan ya durƙusa, kai ka zauna a ƙasa, ka fi shi ƙanƙan da kai. Ka ɗauki hular, ka kakkaɓe ta, ka miƙa masa da hannu biyu. Ka ce, "Baba, ku yi haƙuri, ruwan nan ba ya shiguwa yau. In na shiga, gawa biyu za ku nema." Ka faɗa masa inda ruwa yakan ajiye mutum, ka faɗa masa da safe za ku dawo, kuma ku dawo ɗin. Zai ji zafi. Ƙila ya juya maka baya. Ka bar shi ya juya.

Ka san da ka zo mini da maganar horon nan na ce ban yarda ba. Na ce gida ɗaya kurma ɗaya ya isa. Dalilin da ban faɗa maka ba shi ne wannan da na rubuta: na dube ka na ga yaron da tun yana rarrafe ko wuta na ce ya miƙo sai ya ce "to." Na ce wannan yaron, dattijon farko da ya cire masa hula ya gama da shi. Sai ka tsuguna a ƙofar ɗakina, kanka a ƙasa, ka ce, "Baba, ku yi haƙuri, zan je." Na ce me ka ce? Ba don ban ji ba, na ji sarai. Ka maimaita, ba ka ɗaga murya fiye da yadda kunnena yake buƙata ba, ba ka kuma canza ko kalma ɗaya ba.

Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba. Ka ga yadda na daina amsa gaisuwarka da baki, sai da kai. Na tafi Na'ibawa na kai ƙararka wurin Ɗan'azumi, ina jiran ya taya ni faɗa. Mutumin nan da ba ya dariya sai ya kama dariya har yana riƙe ciki, masu sayen lemo suna kallonmu. Ya ce, "Habu, ya dube ka ya ce a'a? Kai da kanka? To wallahi wannan ne wanda na so a ce na riƙe wa igiya, ba kai ba." Na ce masa tsohon banza, na hau babur ɗin haya na dawo. A hanya na gane abin da yake nufi, tun kafin mu wuce Sharada. Shi ya sa da ka dawo da takardar neman horon na sa maka hannu. Ka biya ka gaida Ɗan'azumi in ka zo hutu, ka kai masa goro, ba ya cin na kanti sai ɗanye.

Amma sau ɗaya ka yi, kuma a tsakar gida, ba kowa sai ni da kaji. Ban sani ba ko za ka iya a gaban jama'a. Saboda haka ga abu na ƙarshe, ka karanta shi da kyau.

Ka san har yanzu ina haye kogi zuwa gonar da ke wancan ƙetaren, a kwale-kwale, rani da damina. Ka san kuma tun da kunnen nan ya lalace jiri yakan ɗebe ni ba sallama. Ummanka ta yi faɗan har ta gaji, ni kuma ba zan bar gonar ubana ta zama daji ba. To idan wata rana aka kira ku, ka zo ka tarar ni ne a ciki, baffanninka za su taru a kanka. Za su ce ubanka ne. Za su ce wane irin ɗa ne zai bar mahaifinsa ya kwana a ruwa, ga kaya a jikinsa, ga horo ya yi. Baffa Sule zai cire hula, na san shi, ya iya wannan. Ka tambayi yaushe na shiga. Ka dubi ruwan kamar yadda za ka dube shi in baƙo ne. Idan ba ya shiguwa, ka mayar wa Baffanka hularsa, ka je ka zauna kusa da Ummanka. Na yafe maka wannan kwanan, duniya da lahira, ga shi na rubuta da hannuna, ka nuna musu in sun matsa. Da safe ka je kwanar nan da ke ƙasa da ramukan yashi, ka jira ni a can.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya ba ka malamai masu haƙuri da abokan aiki masu amana. Ya sa duk ruwan da ka shiga ka fito da ƙafarka, wanda ba na shiga ba kuma Ya ba ka bakin faɗa. Allah Ya yi maka albarka, Ya dawo mana da kai muna raye. Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Habu